Baƙi Ne?

Litinin, 13 ga Satumba, 2021, da hantsi

A shaida, a kuma adana saboda 'yan baya: yau, bayan wata huɗu da kwana tara, an yi mini aski. Ba'indiyen nan na kusa da tashar Sentul ne ya gudanar da aikin, sanye da takunkumi biyu da rigar leda, kamar mai shirin yi wa saniya tiyata. Sai da na nuna masa shaidar allurata biyu a waya kafin ya yarda na zauna. Da ya tattara abin da ya zubo, na leƙa na ga rabinsa fari ne. Ban san haka kullen koronar nan ya ci ni ba. Sakinatu ta ce yanzu ta gane mijinta, da ta ɗauka wani ƙanen babana ne ya zo ya tare mata a falo.

Iska na shiga kunnuwana. Alhamdu lillahi.

Ba wanda ya kira daga Chow Kit.

Talata, 14 ga Satumba, bayan Azahar

Bari in rubuta abin a jere, ko na ga ainihin girmansa. Abu a cikin kai giwa ne, a takarda sau da yawa sai ka tarar akuya ce.

Jami'armu da ke Bukit Jalil tana bincike a kan yadda 'yan Afirka mazauna Kuala Lumpur suka ƙare da korona, da ko suna karɓar allurar rigakafi. Farfesa Rosli ne shugaba, shi ne kuma mai duba aikina na digirin dakta. Akwai abokan aikinsa a wata jami'a ta Turai, waɗanda ban taɓa gani ba sai a allon kwamfuta, daga ƙirji zuwa sama. Sunan abin "haɗin gwiwa tsakanin jami'a da al'umma". Gwiwar da aka haɗa dai tawa ce, don ita ta hau benayen Chow Kit a watan Maris da Afrilu. Na fassara takardar tambayoyi zuwa Hausa, na bi shago-shago, ɗaki-ɗaki. Mutum ɗari da arba'in da uku suka cike, da suna da lambar waya da adireshi. Ba don jami'a suka cike ba, ba su san ta ba. Don ni, Malam Ashafa mai furfura, na ce babu komai.

Tambaya ta tara jadawali ce. Ka jera mutanen da kuke kwana gida ɗaya, sunan kowa, shekarunsa, sannan gurbi na ƙarshe: 'yan ƙasa ne ko ba 'yan ƙasa ba. Gurbin siriri ne, ba ya ɗaukar dogon zance. Ni da na shekara goma sha takwas ina koya wa ɗalibai taƙaita magana a Gusau, na samo kalma biyu: Baƙi ne? Har yaba wa kaina na yi.

Bala mai gyaran waya, wanda ya auri 'yar ƙasar nan, ya rubuta a gurbinsa: "Ni baƙi ne, madam fara ce, yaran wankan tarwaɗa." Na yi dariya, na gyara da biro, na wuce.

To ranar Juma'ar da ta wuce Hajiya Ɗelu, mai shagon abinci a bayan kasuwar Chow Kit, ta saki saƙon murya na minti bakwai a zauren WhatsApp na 'yan Arewa. Wai jami'a ta aiko ni in ƙirga baƙaƙen fata gida-gida. Minti bakwai, ba waƙafi ba aya. Bai kamata ta yi maganar a wannan lokacin ba, mutane na cikin wani hali saboda abin da ya faru ranar Alhamis.

Ga shi na rubuta. Akuya ce. Matsalar karin sauti ce kawai: baƙi na launi, murya sama take, baƙi na baƙunci, a ja "ba" ɗin a sauke murya. Rubutun boko ne bai bambanta su ba. Ni aikina fassara ce.

Laraba, 15 ga Satumba, da safe

Lamba tamanin da takwas. Wayarsa har yanzu a kashe.

Alhamis, 16 ga Satumba, bayan La'asar

Yau hutu ne, ranar ƙasarsu. Maƙwabcinmu ya rataye tuta a baranda kusa da shanyar kamfai.

Na yi niyyar karatu. Na buɗe littafi, na karanta shafi ɗaya sau huɗu, na rufe.

Abdulwahidu, mai lamba tamanin da takwas, tela ne. Takardunsa sun ƙare a tsakiyar kullen bara, lokacin da ba jirgi ba ofis. Sau biyu ya ƙi cike takardar. A na ukun na zauna a kan buhun ƙyallayensa na ce masa, ɗan'uwa, wannan amana ce, ba mai ganin adireshinka sai ni da kwamfuta. Na dafa ƙirji. Na tuna sarai na dafa ƙirji, don allurar da ke maƙale a rigar da yake gwada mini ta soke ni. Da hannuna na cike masa, shi yana ɗinki.

Mako ɗaya kenan yau da wata farar mota irin ta hukuma ta tsaya a ƙofar benensu, tun ranar ba a sake ganinsa ba. Ba zan rubuta abin da ake cewa ba.

Sakinatu ta yi miyar kuka da ragowar kukar da muka zo da ita. Na ci kaɗan.

Juma'a, 17 ga Satumba, da yamma

Na hau monorel na je. Kujeru biyu a gefena babu kowa, amma wannan ba sabon abu ba ne, tun kafin korona ake ba ni tazara a jirgin nan. Mu ne muka fara bin dokar nesa-nesa a garin nan, ba da son ranmu ba.

Na tarar da Hajiya Ɗelu tana ɗaure tuwon shinkafa a leda, don har yanzu yawancin masu sayen nata tapau suke yi, su tafi da shi gida. Shekararta goma sha huɗu a Chow Kit. Ta amsa gaisuwata cikakkiya, har da tambayar Sakinatu, wanda ya nuna mini abin ya yi tsanani.

Na ce, "Hajiya, kalmar nan fa fuska biyu gare ta. Baƙi, wato waɗanda ba 'yan gari ba."

Ta ce, "Na sani, Malam. Ba a Landan aka haife ni ba."

"To ai shi kenan. Kuskuren karatu ne."

"Wanne ka nufa?"

"Na baƙunci."

"Su 'yan jami'ar fa?"

Na ce su ma haka, da Turanci aka rubuta, na gani da idona. Ta ƙulle leda ta miƙa wa wani, ta ce, "Turawan da ke unguwar Mont Kiara, 'yan gari ne?"

Na ce a'a.

"An je an ƙwanƙwasa musu ƙofa an ce su jera waɗanda suke kwana da su?"

Na fara yi mata bayanin yadda ake zaɓen rukunin da za a bincika. Bayani ne mai kyau, na taɓa cin maki da shi. Ta bari na kai aya, sannan ta ce, "Malam Ashafa, ka ci abinci?" Ta zuba mini, ta ƙi karɓar komai. Ina ci ta ce, "Ni ba nahawu na tambaye ka ba. Adireshinmu yana ina, kuma wa ke da makulli?"

Na ce yana cikin kwamfutar jami'a, a killace.

Ta ce, "Abdulwahidu ma a killace yake, da alama."

Tuwon ya yi daɗi. Wannan ma wani nau'in zalunci ne.

Asabar, 18 ga Satumba, da hantsi

Na rubuta bayani shafi huɗu a kan karin sauti da tsawon wasali, da misalai goma sha biyu, don in saka a zauren. Na kawo fari da fari, na kawo gari da gari. Aiki ne da zan iya nuna wa kowane masani ban ji kunya ba.

Na karanta wa Sakinatu. Ta saurara tana yankan albasa. Ta ce, "Baban Rumaisa, mutum ya ɓata, kai kana auna wasali."

Ban saka ba tukuna. Zan sake dubawa.

Lahadi, 19 ga Satumba, bayan Magariba

A kashe.

Litinin, 20 ga Satumba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Yana Klang! Abdulwahidu yana garin Klang, gidan wani abokinsa, lafiyarsa ƙalau, yana cin abinci, har ya ɗinka wa matar mai gidan labule.

Bala ne ya kira ni. Ashe da ya hango motar ta taga, ta matakalar baya ya sauka da silifas, ya cire layin wayarsa ya jefa a kwata, bai tsaya ba sai tasha. Motar kuwa, wani ya ce masu feshi ne, wani ya ce ba su ba ne, wani ya ce an tafi da mutum biyu daga hawa na huɗu amma ba namu ba. Ba wanda ya sani, kuma na lura ba wanda ke son ya sani.

Na yi sujada a kan tayil, goshina ya yi sanyi. Na ci abincin rana sau biyu. Na sauka ƙasa wurin mamak, mai shagon shayin unguwa, na sha shayin nan nasu mai kumfa, a zaune, a kan kujera, kamar ɗan Adam. Na gaishe da mai gadi da Malayancina mai ɗingishi har ya yi dariya. Na lura bishiyar da ke bakin titinmu ta yi fure ja, wataƙila tun watan jiya.

Zuwan motar ba daga takardarmu ba ne. Na faɗa wa Sakinatu sau uku. Ta ce, "Wa ya ce maka?" Na ce ba wanda ya ce daga ita ne. Ta ce to.

Talata, 21 ga Satumba, bayan Azahar

Murnar kwana ɗaya aka ba ni.

Jami'a ta saka tallar taron da za a gabatar da sakamakon binciken, ranar bakwai ga Oktoba. A jikin tallar akwai ɗan hoto: taswirar Chow Kit da jajayen ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo gida ne. Babu suna, gaskiya ne. Amma wanda ya san unguwar ba ya bukatar suna.

Hajiya ta turo mini hoton ita kaɗai, ba a zaure ba. Ta zagaye ɗigo ɗaya. A ƙasa ta rubuta: "Ga shagona nan, ja kamar ƙurji. Na kusa da shi benen su Abdulwahidu ne. Ka taɓa ganin wannan?"

Ban amsa ba tukuna.

Talata, bayan La'asar

Taswira dai aba ce da ake yi a irin wannan bincike. Kowa na yi.

Laraba, 22 ga Satumba, da yamma

Na yi magana da Farfesa ta kwamfuta. Mutumin kirki ne, wannan ba na shakka. Da na kwanta ciwo bara, matarsa ce ta aiko mana da miyar kaza har ƙofa. Ya saurare ni yana gyaɗa kai, ya ce, "Relax lah, Ashafa." Wai taswirar tana taimaka wa hukumomin lafiya su san inda za su kai agaji. Na ce mutanenmu ba agaji suke hangowa ba idan an ce hukuma ta san ƙofarsu. Ya ce ya fahimta, shi ya sa ake bukatar irina, in kwantar musu da hankali.

Sannan ya nuna mini daftarin jawabin. A shafi na biyu an kira mu al'umma mai wuyar isa gare ta, mai ƙarancin bin doka, mai zargin hukuma ba dalili. Mutum ɗari da arba'in da uku sun buɗe mini ƙofa, wasu sun ba ni shayi, kuma fiye da rabinsu sun bi layi a rana sun yi allurar tun watan jiya. Wuyar isa gare mu dai hawa biyar ce ba lif.

A shafin ƙarshe an gode wa "mataimakinmu ɗan Afirka". Afirka babba ce, amma na gane kaina.

Na ce, "Thank you, Prof."

A Disamba zan kare digirina. Shi zai sa hannu.

Alhamis, 23 ga Satumba, da asuba bayan salla

A watan Agusta na ga taswirar. Farfesa ya nuna mini, na ce ta yi kyau.

Na amsa wa Hajiya.

Juma'a, 24 ga Satumba, da yamma

Na je da shiri. Na ce mata a bar ni in bi ta ƙarƙashi: wasiƙa mai ladabi, da Turancin da ke sa Bature ya gyara zama, a roƙi a rage girman ɗigon ko a ɗan karkatar da su. Na ce mu baƙi ne a ƙasar mutane, kuma baƙo ko ya fi mai gida gaskiya, a hankali yake tari.

Bala, da ke zaune yana cin ɗanwake, ya ce, "Malam, wane baƙin? Ja wasalin mu ji."

Kowa ya yi dariya har da ni. Abin da ya rage mini kenan.

Hajiya ta ce ita so take Farfesa ya zo nan shagon ya zauna. Na ce Hajiya, shekara uku ina tare da mutumin nan, Chow Kit a taswira kawai ya san ta. In ya tako shagon nan, a mayar da ni wurin Ba'indiye a yi mini ƙwal-kwabo.

Ta ce, "Bala, ka shaida."

Sai ta jawo wata takarda daga ƙarƙashin kwalin magi, duk ta sha manja. Takardar amincewa ce, wadda kowa ya sa wa hannu kafin tambayoyin. Ta ɗora tabarau ta karanta a hankali, da yatsa: "Kana da ikon janye amincewarka a duk lokacin da ka ga dama, ba sai ka faɗi dalili ba, kuma za a shafe duk abin da ka faɗa."

Ta ɗago. "Wa ya rubuta wannan?"

Na ce ni na fassara.

"Gaskiya ne, ko ado ne?"

Na ce doka ce, kwamitin ɗa'ar bincike ba ya wasa da ita.

Ta ce, "To Allah ya yi maka albarka. Nan kam ka iya Hausa."

Sau ɗari da arba'in da uku na karanta wa mutane wannan jimlar, da sauri, kamar mai karanta sharuɗɗan maganin tari. Ban taɓa jin ta ba sai yau.

Asabar, 25 ga Satumba, da hantsi

Goma sha biyu sun janye. Kowa da saƙonsa, zuwa adireshin da ke ƙasan takardar. Bala ke taya waɗanda ba su iya ba.

Litinin, 27 ga Satumba, da rana

Arba'in da ɗaya. Farfesa ya kira sau biyu. Ina banɗaki duka biyun, Allah ya gani, na biyun ma da gaske ne.

Talata, 28 ga Satumba, bayan La'asar

Tasa'in da bakwai.

Na ɗauki kiran Farfesa. Bai ce relax ba. Ya tambaye ni ko ni na shirya wannan. Na ce a'a, kuma abin kunyar shi ne gaskiya na faɗa. Ya ce in babu mutanen nan babu bincike, aikin shekara guda ya tafi. Ya ce wace ce shugabarsu, a gayyato ta ofis. Na ce ta ce ita tana da tukunya a wuta.

Na gaya wa Sakinatu ta fara tunanin abin da za mu saka a akwati da abin da za mu bari. Ta ce tukunyar shinkafar nan mai lantarki dai ba za ta bar ta ba, da digiri ko ba digiri.

Abin mamaki, na yi barcin rana har da minshari.

Asabar, 2 ga Oktoba, da yamma

Ya zo.

Ƙarfe goma, da rigar batik, da kwalin kek a hannu, yana duba lambobin shaguna kamar mai neman gidan surukai. Mu shida ne a shagon saboda doka, sauran suna waje suna sayen abin da ba sa bukata.

Na gyara murya, don ni ne tafinta, kuma tun a jirgi na tanadi kalmomi masu laushi da zan riƙa sauya nata da su. Hajiya ta yi masa sannu da zuwa da Malayanci. Ya amsa. Ta ci gaba. Ta ci gaba da ci gaba. Malayancin kasuwa ne, irin na masu kifi, mai gudu ba birki, ni kuwa nawa na aji ne, wanda ke iya tambayar ina ɗakin karatu yake. Aka jingine ni gefe kamar laima bayan ruwa ya ɗauke. Bala ne ya riƙa raɗa mini abin da ake cewa. A rubuta wannan ma saboda 'yan baya.

Ta tambaye shi abin da ta tambaye ni, na Turawan Mont Kiara. Ya ce su ba sa cikin rukunin da ke cikin haɗari. Ta ce, "Korona kunyarsu take ji?" Ya yi dariya kafin ya tuna bai kamata ba.

Ta ce wa ya gaya masa ba ma bin doka. Ya ce haka rubuce-rubucen baya suka nuna. Ta ce su wa suka rubuta. Ya ce masana. Ta ce sun zo nan? Sai ta fito da wayarta ta nuna masa shaidar allurarta, Bala ya fito da tasa, na waje ma suka ɗaga nasu ta ƙofa, wayoyi kusan ashirin. Ta ce ranar da suka je, tun asuba suke layi, kuma ita ta dafa wa 'yan layin abinci.

Sannan ta ajiye masa taswirar a gabansa, ta ce ya nuna mata gidansa a ciki. Ya ce ba ya ciki. Ta ce, "To saka shi. Ɗigo ɗaya ne. Ka saka naka da na 'ya'yanka, sai mu bar namu."

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Bai ce wariya ba ce. Ya ce an yi sakaci. Hajiya ta ce sakacin ya san hanya, tunda kullum ƙofa ɗaya yake zuwa. Bai musa ba.

Abin da aka tsayar: a cire taswira. A shafe adireshi da lambobin waya a gaban shaidu. Kada a fitar da wata magana a kanmu sai mutum biyar daga cikinmu sun karanta sun yarda, kuma a saka sunayen waɗanda suka yi aiki. Wanda ya ga dama ya mayar da amincewarsa bayan haka, wanda bai ga dama ba, shi kenan.

Ya ci tuwo da cokali. Ya ƙara miya.

Da zai tafi ya ce mini, yana jiran babi na huɗu na aikin digirina ranar Laraba, kada in makara. Ban taɓa jin daɗin a tuna mini da babi na huɗu ba sai yau.

Lahadi, 3 ga Oktoba, da hantsi

Ba abin da ya faru. Na wanke baranda. Na kira Rumaisa a Zariya, muka yi minti arba'in a kan tsadar littattafai da wani malaminsu mai ba da sifili. Ruwa ya sauko da rana, na tsaya ina kallonsa kamar ban taɓa gani ba.

Litinin, 4 ga Oktoba, bayan La'asar

An shafe. A ofishin Farfesa, Hajiya da Bala suna tsaye a bayan kujera. Takardun hannu kuma aka zura su a injin yanka, Bala ya roƙi a bar shi ya zura da kansa, ya yi ta yi kamar mai ba akuya dusa. Da aka zo kan ta tamanin da takwas na karɓa na zura da hannuna.

Kafin a shafe na kwamfutar, babban jadawalin yana buɗe a allo. Ban taɓa ganinsa ba, ni takarda nake kawowa, wasu ke shigarwa. Idona ya sauka a kan gurbin tambaya ta tara.

Zan rubuta wannan gobe.

Alhamis, 7 ga Oktoba, da yamma

An yi taron ta kwamfuta. Babu taswira. Jawabin ya gajarta da kusan rabi, kuma a ganina ya fi kyau, kamar kaina. Shafi na biyu yanzu yana cewa mutane sun yi allura duk da tsoron da ke tare da nuna takardu a bakin ƙofa. Hajiya ce ta ba da jimlar, ni na mayar da ita Turanci, ban rage mata gishiri ba. Sunana ya fito cikakke, an ma rubuta shi daidai.

Abokan aikinmu na Turai sun aiko da doguwar wasiƙa suna bayyana baƙin cikinsu a kan asarar bayanai masu daraja. Ga wani baƙin kuma, na uku. Ban saka shi a shafuka huɗun ba.

Sittin da takwas sun mayar da amincewarsu, ba adireshi. Abdulwahidu bai mayar ba. Ya dawo Chow Kit, ya koma wani ɗakin da ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Mun haɗu a bakin kasuwa, ya gaishe ni da kyau. Na ce akwai yadin da nake so a ɗinka mini kafin Disamba. Ya ce aiki ya yi masa yawa yanzu, Malam, amma a bari a gani. Na karɓi "a bari a gani". Ya fi abin da na cancanta.

Juma'a, 8 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Ba'indiyen ya yi mamaki, ya ce ai ko wata ba a yi ba. Na ce ya kwashe duka. Bala ya tsaya a kaina yana ɗaukar hoto don zauren, wai shaida ba ta cika sai da hujja. Sakinatu ta ce yanzu kuma na koma kakana.

Na yi alkawarin rubuta abin da na gani ranar Litinin, na yi ta kewaye. A takardar da aka ba ni in fassara, gurbin yana cewa ɗan ƙasa ko ba ɗan ƙasa ba. A babban jadawalin kuwa, wanda ake lissafi da shi, sunan gurbin haruffa uku ne na Turanci, BLK, taƙaitaccen baƙar fata. Ɗan Indonesiya ko ɗan Bangladesh da ke kwana ɗaki ɗaya da namu, an saka masa a'a. Ban san wa ya raɗa wa gurbin wannan suna ba, a nan ko a Turai, kuma yanzu an shafe shi. Cikin mutum ɗari da arba'in da uku, Bala kaɗai ya amsa tambayar da aka yi, ni kuma na bi na gyara masa da biro.

Shafuka huɗun nan na ba Sakinatu ta shimfiɗa a ƙasan kwandon albasa.

Hajiya ce ta karanta daidai. Ni na yi kuskure.